Saniyar Ware A Cikin Alƙaluma: Darasin Da Awaki 27 Suka Koya Mini

Duk makiyayi ya san saniyar ware. Idan garke ya taso daga rijiya da maraice, ya hangi guda ta ja baya ta tsaya ita kaɗai, ba ya cewa a ƙyale ta tunda sauran lafiyarsu lau. Wurinta yake fara zuwa. Wataƙila ƙaya ta taka, wataƙila haihuwa ce ta zo, wataƙila kuma ita ce ta farko da cuta ta kama a garken. Sai ya duba zai sani.

Alƙaluman da muke tattarawa a aikin lafiyar bisashe su ma suna da saniyar warensu. Ita ce lambar da ta fita daban da ƴan uwanta: ta yi musu nisa a sama, ko ta yi musu nisa a ƙasa. Ni da na yi karatun aikin kiwo a makarantar IPDR ta Kollo na fito da takardar shaida, ranar da irin wannan lamba ta fara faɗowa hannuna sai na kasa yin abin da yaro mai kora awaki zai yi. Ban je na duba ba. Goge ta na yi.

Ranar da na gyara abin da bai lalace ba

Ban daɗe da kama aiki a birnin Tawa ba. Cikin ayyukana har da shigar da takardun mako-mako da mataimakan kiwo na ƙauyuka ke aikowa. Waɗannan mataimaka mutanen gari ne da aka horar su yi allura, su ba da maganin tsutsar ciki, su kuma rubuta abin da suka gani: bisashe nawa suka kamu, nawa suka mutu, nawa suka yi ɓari. Takardun kan zo ta hannun direbobin motocin kasuwa, a ninke, wasu da mai, wasu da ƙura.

Lokacin ɗari ne. Takardu 11 suka zo mini a makon. A gurbin awakin da suka mutu, guda 10 sun rubuta sifiri, ko 1, ko 2, mafi yawa 3. Jimillarsu 12. Ta ƙarshen, daga wani ƙauye da ke arewa da Tawa, an rubuta 27. Biron ya kusa ƙarewa, 7 ɗin ta fito dishi-dishi kamar an ja layi bisa kuskure. Da na shigar da 27 a kwamfuta, matsakaicin mutuwa ya tashi daga 1 da ɗan kai zuwa 3 da rabi a kowane ƙauye, zanen rahoton ya yi wani tsini guda mai muni. Ana jiran rahoton a ranar. Ina da lambar salular mataimakin, amma na san garinsu sai an hau tudu ake samun layi, na ce ko na kira ba za ta shiga ba. Na yanke wa kaina hukunci cewa 2 yake nufi. Na rubuta 2, zanen ya miƙe sumul, na tura.

Bayan kwana 16, ranar Lahadi ta kasuwar Tawa, sai ga mataimakin da kansa. Dattijo ne, ya haife ni. Muka gaisa, ya ce, "Likita, takardata ba ta iso ba ne?" Na ce ta iso, Baba. Ya ce, "To, shirun fa?"

Washegari muka tafi. Awaki kwance a gindin danga, idanu da hanci duk majina ta bushe, baki ya yi gyambo, gindi ya ɓaci da zawo, numfashi da ƙyar. Garin na shan rijiya ɗaya da wasu ƙauyuka biyu da wata rugar Fulani. Wasu da suka ga awakinsu na zubewa sun riga sun kai na ƙafa kasuwa tun ba su faɗi ba. Samfurin da muka ɗauka ya tabbatar da abin da ido ya riga ya gani: PPR ce, annobar awaki da tumaki. Wannan cuta kan ɗauki kamar kwana 4 zuwa 6 kafin ta bayyana a jikin dabbar da ta kama. Ke nan kwana 16 ɗin da na yi shiru sun ishe ta tsallaka daga garke zuwa garke har sau biyu ko uku.

Akwai wata tsohuwa a garin da take da awaki 6, saura 1. Ba ta ce mana komai na zargi ba. Ta kawo mana ruwa, ta ce, "Ɗana, wannan da ta rage, in yanka ko za ta tashi?" Ba ta san cewa lambar da za ta kawo mu da wuri ni na sauya ta da hannuna ba.

Da muka dawo na faɗa wa shugabana gaskiya. Bai yi faɗa ba. Ya ce in mayar da 27 wurinta, in rubuta a gefe ranar da na sauya ta da dalilin da ya sa. Tun daga nan na fara neman sanin abin da lamba guda ke iya yi wa lissafi.

Wake ɗaya shi ke ɓata gari

Mafi yawan rahotanninmu da matsakaici suke aiki: a tara duka, a raba da yawan waɗanda aka ƙirga. Hanya ce mai sauƙi, amma tana da rauni guda. Kowace lamba na jan matsakaici zuwa wajenta gwargwadon girmanta, don haka ƙatuwa guda ta isa ta rinjayi ƙanana masu yawa.

Bari mu ɗauki misali. A ce ƙauye mai gida 10, ga yawan awaki da tumakin kowane gida: 4, 5, 6, 6, 7, 8, 8, 9, 12, sai gidan wani attajiri mai 235. Jimilla 300. Matsakaici ya zama 30 a kowane gida. Duba da kyau, babu gida ko ɗaya a garin mai bisashe 30 ko kusa da haka. Gida tara suna ƙasa da 13, na goman yana can sama. Idan wani shiri ya zo rabon dusa a bazara, ya ce sai garuruwan da matsakaicinsu bai kai 15 ba, wannan gari ya fita daga jeri, alhali gidaje tara cikin goma su ne ainihin waɗanda aka zo dominsu.

Akwai wani ma'auni da ba ya ruɗuwa da haka. A jera lambobin daga ƙarama zuwa babba, a ɗauki wadda ta faɗo a tsakiyar layi. Ni ina kiranta ƴar tsakiya. A misalinmu tana tsakanin 7 da 8, wato 7 da rabi. Ko attajirin nan ya ƙara garkensa ya kai 1,000, ƴar tsakiya ba za ta motsa ba, don ita matsayi take dubawa a layi. Ita ce ke faɗa maka halin da gida na yau da kullum yake ciki.

Sai dai kada mai karatu ya ce to a cire attajirin a huta. Sauya tambayar ka gani. Yanzu allurar rigakafi za a kawo garin. Idan ka cire shi, ka ce kowane gida 7, ka ninka da 10, za ka ɗauko allurar bisashe 70 ka tarar da 300 na jiranka. Ga kuma ɗaya gefen: idan ma'aikata suka je suka yi wa garken attajirin kaɗai, rahoto zai ce an yi wa 235 cikin 300, kashi 78 cikin 100, aiki ya yi kyau. Amma gida tara cikin goma ba a taɓa akuyarsu ko ɗaya ba. Lambar nan 235 gaskiya ce. A wata tambayar tana ɓatar da kai, a wata kuma in babu ita ka ɓata. Shi ya sa kafin a taɓa kowace lamba sai an san abin da ake son lissafin ya amsa.

Wannan ba ƙaramar magana ba ce yanzu. A taron Abidjan na 2015, hukumar FAO da hukumar lafiyar dabbobi ta duniya sun tsayar da shirin kawar da PPR daga doron ƙasa zuwa 2030, kamar yadda aka bayyana kawar da bushiya a 2011. Cuta ba ta ƙarewa da kyakkyawan matsakaici. A ƴan awakin mata da ke bayan gida, waɗanda ba a kai wa shingen allura, nan take samun maɓoya.

A kara ma haka ne

Masu bin farashi a kasuwannin bisashe irin su Tawa, Abalak, Badagishiri da Cintabaraden sun san wannan matsala. A ce an rubuta cinikin raguna 6 a rana guda: jika 45, 50, 50, 55, 60, sai wani balamin turke da aka yi wata da watanni ana ba shi dusa da harawa, wani ɗan kasuwa ya saye shi jika 400 ana gab da Babbar Salla. Matsakaici ya ce rago jika 110. Ƴar tsakiya ta ce jika 52 da rabi. Makiyayin da ya kawo ragonsa daga daji ya san wace ce gaskiya.

Abin da ya sa wannan ke da nauyi shi ne, da waɗannan farashi ake auna ƙarfin makiyayi: idan ya sayar da bunsuru ko rago guda, tiya nawa ta hatsi zai kai gida? Tsarin SIM Bétail na bin farashin kasuwannin bisashe na ƙasa, kuma masu hasashen yunwa na duba irin waɗannan alƙaluma. Idan ragon turke guda ya kumbura farashi, takarda za ta ce makiyayi na cikin wadata a daidai lokacin da yake sayar da biyu don abin da ɗaya ke saya masa bara. Maganin a nan shi ne a raba aji: na turke daban, na kiwon daji daban.

Lissafin ciyawa ma bai tsira ba. A ƙarshen damana ake auna ciyawar da daji ya fitar, a gwada da bukatar bisashe. Ma'aunin da ake amfani da shi shi ne dabba mai kilo 250, tana cin busasshiyar ciyawa kilo 6 da kwata a rana, wato kusan tan 1.7 a watanni tara na rani. Amma ruwan Adar ba ya sauka daidai. Kwari guda ya sha ruwa ya yi shar, dutsen da ke kusa da shi ƙurmus. Idan wurin awo guda ya faɗo a fadama ko bakin tabki irin na Tabalak, zai iya ɗaga matsakaicin yanki har a ce ciyawa ta wadata, makiyayi kuwa a watan Maris ya riga ya fara neman burtalin kudu.

Daga ina saniyar ware ke fitowa?

Abin da na gani a aiki, hanyoyinta uku ne, kuma kowace da irin maganinta.

Ta farko kuskure ne na hannu ko na kayan aiki. Mu a Nijar muna da namu na musamman. A baki da dala muke ƙirga kuɗi, a takarda da tamma. Dillali ya ce ɗari biyar yana nufin dala, wato sefa 2,500, mai rubutu ya rubuta 500: farashi ya faɗi ninki biyar. A kasuwannin da ke kusa da iyaka, wajen Ƙonni, wani cinikin da naira ake yin sa, a shigar da shi a gurbin sefa. Mu da muka yi karatu da Faransanci waƙafi muke sawa a tsakanin lamba da gutsurenta, wata kwamfutar kuma ɗigo ta sani, sai zafin jikin tunkiya 39,5 ya koma 395. Ma'aunin zafi da aka bari a aljihun babur cikin ranar Afrilu shi ma yana iya ba ka abin da ba haka ba. Irin waɗannan, idan an tabbatar kuskure ne, a gyara in an san daidai ɗin, in ba a sani ba a bar gurbin fanko.

Ta biyu, lambar gaskiya ce, sai dai mai ita ba ajinsu ɗaya da sauran ba. Attajirin misalinmu yana nan. Haka makiyayin da ka ƙirga masa shanu 200, alhali nasa 15 ne, sauran na ƴan kasuwa da ma'aikatan birni ne da suka ba shi kiwo. Haka garken da ya sauka a gari na kwana uku kan hanyarsa ta zuwa Azawak. Arewacin Adar wuri ne da noma da kiwo suka haɗu, kusa da iyakar noma da dokar 1961 ta shata, don haka takarda guda kan haɗa manomi mai awaki 5 da Ba'abzine mai raƙuma da Bafulatani mai garken shanu. Ba a goge irin wannan lamba. Ware ta ake yi a yi mata lissafinta.

Ta uku ita ce wadda ta ci ni. Lambar gaskiya ce, daga mutanen da ka saba da su, kuma tana gaya maka wani sabon abu ya faru. A aikin sa ido kan cututtuka, wannan ita ce dalilin aikin gaba ɗaya. Takardu 10 masu cewa lafiya lau ba su ne muke nema ba, ta 11 ɗin muke jira.

Matsalar ita ce, a fuskar kwamfuta duka ukun kamarsu ɗaya. Babu abin da ke jikin 27 da zai ce maka ni kuskure ce ko ni annoba ce. Sai an tambayi wanda ya rubuta, ko an je an gani.

Abin da ya faru a Cintabaraden a 2016

Jiharmu ta ga wannan a babban sikeli. A damanar 2016, a yankin Cintabaraden, bisashe suka shiga ɓari da mutuwa fiye da yadda aka saba, mutane kuma na kwanciya da zazzaɓi, wasu da zubar jini. A ƙarshen watan Agusta labari ya kai ga Hukumar Lafiya ta Duniya. Gwajin da aka yi a cibiyar Pasteur ta Dakar a watan Satumba ya tabbatar da zazzaɓin Rift Valley. Hukumar ta bayyana cewa daga 2 ga Agusta zuwa 22 ga Satumba an samu mutum 64 da suka kamu a gundumar lafiya ta Cintabaraden, 23 daga cikinsu suka rasu, mafi yawansu makiyaya. Abin ya zo daidai da lokacin da garkuna daga ko'ina ke haɗuwa don bikin lasar gishiri na Ingal, abin da ya ƙara tayar da hankali.

An fara gano wannan cuta a Kenya a farkon shekarun 1930. Sauro ne ke yaɗa ta tsakanin bisashe, musamman a shekarar da ruwa ya yi yawa tabkuna suka cika. Mutum kuwa ya fi ɗaukarta ta hanyar taɓa jini, ko nama, ko ɗan tayin da aka ɓarar, ko shan madarar da ba a dafa ba. Babbar alamarta a garke ita ce tumaki da awaki masu ciki su yi ta ɓari kusan lokaci guda, ƴaƴan da aka haifa kuma su yi ta mutuwa.

Yanzu ka duba ta da idon mai lissafi. Jihar Tawa na da miliyoyin bisashe. Idan ka ɗauki ɓarin da aka yi a zangon makiyaya kaɗan ka raba da tumakin jiha duka, daga Tasara har Madawa, abin da zai fito bai kai a ɗaga kai a duba ba. Matsakaicin jiha zai ce lafiya lau. Amma a zangon da abin ya faɗa, makiyayin da ya saba ganin ɓari ɗaya ko biyu a shekara yana ganinsa kullum. A wannan cuta dabba ke fara kamuwa kafin mutum, saboda haka lambar ɓarin da ta fita daban a takardar malamin dabbobi gargaɗi ce ga asibitin mutane. Ruwa ba ya tsami banza.

Masana lafiya sun daɗe da sanin darajar irin wannan lamba. A 1854 kwalara ta ɓarke a wata unguwa ta birnin Landan, likita John Snow ya bi gidajen mamatan ya ga sun kewaye famfon ruwa guda a titin Broad. Sai ga wata mata da ta mutu a Hampstead, nesa da unguwar. Da ya so ya ce ba ta cikin lissafi. Da ya bincika, ashe ta taɓa zama a unguwar, tana son ɗanɗanon ruwan famfon, kullum ana kai mata shi har gida. Wadda ta fita daga layi ita ta zama hujja mafi ƙarfi cewa cutar a ruwan take.

Yadda ake gane ta

Ba sai da manyan na'urori ba. Mataki na farko, kafin ka tara ka raba, jera lambobinka daga ƙarama zuwa babba ka dube su da ido. Sannan ka fitar da matsakaici da ƴar tsakiya ka ajiye su gefe da gefe. Idan sun yi kusa, da sauƙi. Idan ɗaya ta ce 30 ɗaya ta ce 7 da rabi, akwai abin da ke jan igiya.

Akwai kuma wata ƙa'ida da masanin ƙididdiga na Amurka John Tukey ya yaɗa a 1977. Ka raba jerinka gida biyu, ka nemo tsakiyar rabin ƙasa da tsakiyar rabin sama. A misalin gidaje goma, su ne 6 da 9. Tazararsu 3. Ka ninka tazarar da ɗaya da rabi, ka samu 4 da rabi. Ka ƙara wannan a kan 9, ka rage shi daga 6: shingenka ya tashi daga 1 da rabi zuwa 13 da rabi. Gida mai 12 yana cikin shinge, mai 235 yana waje. Ƙa'idar ta nuna maka wanda za ka bincika ne kawai. Ba ta ba ka izinin goge kowa ba.

Ga alƙaluman cuta, abin da ya fi amfani shi ne a gwada wuri da kansa, lokaci da lokacinsa. Mutuwar awaki 8 a mako a ƙarshen bazara, bisashe sun rame ruwan farko ya sauka, abin baƙin ciki ne amma an saba gani. Mutuwar 8 ɗin nan a kaka, ciyawa ko'ina, tambaya ce babba.

Kada kuma a manta da saniyar waren da ke ƙasa. Ƙauyen da ya yi wata huɗu yana aiko sifiri, maƙwabtansa duka na ba da rahoton zawo da tari, shi ma ya fita daban. Wataƙila mataimakin ya tafi cin rani an bar wani yana cike takarda. Wataƙila mutane na ɓoyewa don tsoron a hana su kai bisashe kasuwa. A wasu sassan arewa, wajen Tiliya, rashin tsaro kan hana ma'aikata zuwa, sai gurbin da ya kamata a bari fanko a cike shi da sifiri. Ba a samu labari ba daban, babu cuta daban. Haka makiyayin da ya ce maka shanunsa 10 kana ganin ƙurar 60: tsoffinmu ba su manta da jangali ba, kuma da yawa ba sa son a ƙirga musu dukiya a bainar jama'a.

Abin da nake yi yanzu

Ga ƙa'idojin da na ɗora wa kaina, nake kuma koya wa sababbin da ake turo mana. Takardar asali ba a taɓa ta. Duk gyara a kwafi ake yi, a rubuta wanda ya yi, da rana, da dalili. Duk lambar mutuwa ko ta ɓari da ta fita daban, a kira wanda ya rubuta ta a ranar. Layi bai shiga ba, a kira maigari, ko ardo, ko direban motar garin, a bar saƙo. Idan lambar ta tabbata, a je, a ɗauki samfur a aika ɗakin gwaji, don LABOCEL saboda haka aka kafa shi. A rahoto kuma ina rubuta matsakaici da ƴar tsakiya tare, in ƙara da mafi ƙanƙanta da mafi girma. Idan akwai lambar da na ware, sai in nuna sakamakon da ita da kuma ba ita, mai karatu ya gani da idonsa. Zanen rahoto ya yi tsini in ya ga dama.

Gaskiya ne, sau da yawa kiran kan ƙare a kuskuren biro. Sai mu yi dariya da mataimakin, a gyara, kuɗin kati kaɗan ya tafi. Na gwada wannan da abin da tsohuwar nan ta rasa, na ga kiran ya fi araha.

Ga ƴan uwa makiyaya da mataimakan kiwo, roƙona guda ne. Idan kuka ga ɓari ya yi yawa a garke, ko mutuwa ta zo a jere, ku faɗa da wuri, ku faɗi adadin yadda yake ko da ya yi kama da ƙarya. Kada a taɓa ɗan tayi ko mahaifa da hannu tsirara, a binne su da zurfi, a dafa madara kafin a sha, a ware marasa lafiya daga rijiyar jama'a, kada a kai su kara. In kun aiko takarda kuka ji shiru, ku biyo sawu kamar yadda dattijon nan ya yi.

Har yanzu yana aiko rahotonsa kowane mako. Tun daga waccan shekara, duk lambar da ta haura 10 sai ya rubuta ta sau biyu, da alƙalami da kuma da kalmomi, ya ja layi a ƙarƙashi. Ban taɓa ce masa ya yi haka ba, shi ma bai taɓa gaya mini dalili ba.